Tsofaffin Fina-finan Hollywood: Kunya A Gaban Kyamara, Kuka A Bayanta

Uwargida, kwanakin baya wata uwa ta tare ni a bakin ƙofa bayan an tashi yara daga makaranta, ta ce, "Malama, na ƙwace waya, na ɓoye rimot, duk a banza. In na hana su a gida sai su sulale maƙwabta. To me zan ba su su kalla?" Na ce mata ta nemo musu fina-finan da kakanninsu suka kalla. Ta yi dariya, ta ɗauka zolayarta nake yi.

Ban ga laifinta ba. Mu dai abin da muka tashi muka ji game da tsofaffin fina-finan Amurka shi ne kaboyi: doki, malafa da bindiga. Mahaifina har gobe idan aka taɓo masa John Wayne ko Gary Cooper sai ya gyara zama, ya shiga labarin yadda suke cika silimar Plaza da El-Dorado a Kano suna ihu idan jarumi ya zaro bindiga. Iyayenmu mata kuwa ba su taɓa taka ƙofar silima ba, don a wancan lokaci ba wurin matan kirki ba ne. Shi ya sa wani babban ɓangare na aikin Hollywood bai iso gare mu ba, wato fina-finan da aka shirya musamman don mata, a kan aure, tarbiyya, maraici da abin da ke tsakanin uwa da 'yarta. Ni ma sai a kwaleji na san da su, albarkacin wata malamarmu ta Turanci.

Abin da ya bambanta waɗannan fina-finai da na yanzu shi ne a cikin takunkumi aka yi su. A shekarun 1920 Hollywood ta yi ƙaurin suna wajen badala, har malaman coci da ƙungiyoyin mata suka taso ta a gaba. Ganin gwamnati na iya sa musu hannu, sai kamfanonin suka amince da wasu ƙa'idoji a 1930, waɗanda wani limamin Katolika mai suna Daniel Lord da wani mawallafi Martin Quigley suka rubuta. Ana kiransu Dokar Hays, da sunan Will Hays, shugaban ƙungiyar kamfanonin. Da farko an yi musu riƙon sakainar kashi, sai a 1934 da Katolika suka yi barazanar ƙaurace wa silima aka kafa ofishi a ƙarƙashin Joseph Breen, wanda dole ya karanta labari ya kuma ga fim kafin a sake shi. Ki ɗauke shi kamar Hukumar Tace Fina-finai ta Kano da aka kafa a 2001, illa dai wannan 'yan kasuwar ne da kansu suka kafa don tsoron asara. An hana tsiraici, an hana ashar, an hana izgili ga addini da malamansa, kuma ba a yarda a nuna zina ko aikata laifi a matsayin abin sha'awa ba. Haka aka tafi har 1968, lokacin da aka jingine dokar aka koma rarraba fina-finai bisa shekarun mai kallo.

To da aka ɗaure musu hannu, sai dole ta sa suka koyi abin da mu muke kira kawaici. Abin da ba za a nuna ba sai a faɗe shi da kallo, ko da shiru, ko da ƙofar da aka ja aka rufe. Babba zai gane, yaro kuma ya wuce abinsa. Ki duba Casablanca na 1942. Humphrey Bogart ya sake haɗuwa da tsohuwar masoyiyarsa, Ingrid Bergman, ga ta da mijinta, ga kuma takardun fita daga ƙasar a hannunsa shi kaɗai. Da a yau ne kin san inda za a kai labarin. Amma ƙa'ida ba za ta bari matar aure ta bar mijinta ta bi wani ba, don haka a ƙarshe shi da kansa ya sa ta a jirgi tare da mijin, ya juya ya tafi. Wannan ƙarshen ne ya sa har yau ake maganar fim ɗin. Sai dai ki sani, ko da yake an ce a Maroko labarin ya faru, a Kalifoniya aka ɗauke shi, kuma mutanen Maroko ba su da wani abin kirki a ciki, sai ka ce baƙi ne a garinsu.

Amma wanda nake so ki nema, ko da shi kaɗai za ki kalla, shi ne Imitation of Life na 1959, wanda Douglas Sirk ya ba da umarni. Mata biyu ne marasa maza, kowace da 'yarta ɗaya, suka haɗu a bakin teku a New York. Lora, wadda Lana Turner ta fito a matsayinta, Baturiya ce mai burin zama tauraruwa. Annie, wato Juanita Moore, baƙar fata ce da ba ta da wurin kwana. Sai Annie ta koma gidan Lora tana yi mata aiki tana riƙe yaran duka biyu. Matsalar ita ce 'yar Annie, Sarah Jane, ta ɗauko hasken mahaifinta, duk wanda ya gan ta sai ya ɗauka Baturiya ce. A Amurkar wancan zamani kuwa launin fata shi ke yanke wa mutum makarantar da zai shiga da aikin da zai samu da wanda zai aura.

Akwai wurin da ba na iya kallonsa ban share hawaye ba. Ana zuba ƙanƙara, sai Annie ta ɗauki takalman ruwa ta bi 'yarta makaranta. Malamar ajin ta ce mata ai ba su da ɗan baƙar fata a nan, ta yi ɓatan kai. Annie ta hango yarinyar ta ɓoye fuska a bayan littafi, ta kira sunanta. Ashe yarinyar ta bar kowa a kan cewa ita Baturiya ce. Ta tashi da gudu ta fice cikin sanyi, tana jin haushin uwar da ta tona mata asiri. Da ta girma sai ta gudu gaba ɗaya, ta canza suna, ta shiga rawa a gidajen dare. Annie, da ciwo ya ci ƙarfinta, ta bi ta har Kalifoniya, ba don ta dawo da ita ba, sai don ta rungume ta sau ɗaya. Suna cikin haka abokiyar aikin yarinyar ta shigo, sai uwar, don ta rufa wa 'yarta asiri, ta ce ai ita tsohuwar mai renonta ce. Allah sarki uwa! Sarah Jane ba ta dawo gida ba sai ranar jana'iza, ta kutsa cikin jama'a ta faɗa kan akwatin gawar tana neman gafara, a lokacin da babu mai amsa mata.

Ki kalle shi da 'yan matanki, musamman a wannan zamani da man bilicin ya zama ruwan dare, da kuma yaran da suka yi boko suke jin kunyar a ga iyayensu. Ba sai kin yi wa'azi ba, fim ɗin zai yi miki. Ki dai riƙe rimot, akwai wurin rawa guda biyu da ya kamata ki tsallake. Mu ma iyayen gida akwai namu a ciki. Lora ta samu ɗaukakar da take nema, amma sai ta waiga ta tarar 'yarta ba ta san ta ba, duk sirrinta a wurin Annie yake. Haka kuma da Annie ta zo tana lissafa mutanen da take so su halarci jana'izarta, Lora ta yi mamakin jin tana da ƙawaye da 'yan'uwa na coci, sai Annie ta nuna mata cikin ladabi cewa ai ba ta taɓa tambaya ba. Shekara goma suna gida ɗaya! Na tuna da yarinyar da ke taya ni aiki, na tambayi kaina ko na san sunan ƙannenta.

Yanzu bari in juya miki ɗaya gefen, don kada ki ɗauka mutanen kirki ne zalla suka taru a Hollywood. Kunyar a gaban kyamara kawai take. Ita kanta Lana Turner sau takwas ta yi aure, kuma a watan Afrilun 1958, kafin a fara wannan fim, 'yarta mai shekara 14 ta daɓa wa saurayin uwar wuƙa ya mutu, a lokacin da yake barazanar illata ta. Masu bincike suka yanke cewa kare uwarta ta yi. Mutanen da suka cika silima suna kallon Lora da 'yarta sun san wannan labari sarai.

Yara kuwa su suka fi shan wuya. Judy Garland tana da shekara 13 kamfanin MGM ya ɗauke ta a 1935, tana 16 ta yi The Wizard of Oz, wanda ya fito a 1939 kuma har yau yara ke sonsa. Ita da bakinta ta ba da labarin yadda ake ba ta ƙwayoyi don ta jure dogon aiki kuma kada ta yi ƙiba, da dare a ba ta wasu don ta yi barci. Ba ta rabu da ƙwaya ba har ta kashe ta a Landan a 1969, tana da shekara 47. Jackie Coogan, yaron da ya fito tare da Charlie Chaplin a The Kid na 1921, ya tara miliyoyin daloli tun bai san kuɗi ba. Da ya girma ya nemi haƙƙinsa sai ya tarar mahaifiyarsa da mijinta sun cinye. Ya kai su kotu a 1938, abin da ya samu bai wuce dala 126,000 ba. Sanadinsa jihar Kalifoniya ta yi doka a 1939 don kare dukiyar yara 'yan wasa, kuma a yau wajibi ne a ajiye wa yaro kashi 15 cikin ɗari na abin da ya samu a asusun da iyaye ba sa iya taɓawa. Duk lokacin da na ga uwa tana sa 'yarta 'yar shekara biyar rawa a TikTok don a samu mabiya, waɗannan yaran nake tunawa. Wadda ta tsira da mutuncinta a cikinsu ita ce Shirley Temple. Ita ma ta tarar kusan duk kuɗinta sun salwanta a hannun mahaifinta, amma ta bar fim tana da shekara 22, ta riƙe aurenta na biyu sama da shekara hamsin, har ta zama jakadiyar Amurka a Ghana daga 1974 zuwa 1976.

Ita dokar ma ba ta tsira daga son zuciya ba. Cikin abubuwan da ta haramta har da nuna soyayya tsakanin baƙi da farare, kuma ba a cire wannan ba sai 1956. Hattie McDaniel ita ce baƙar fata ta farko da ta ci lambar Oscar, a 1940, saboda fitowarta a Gone with the Wind. Ba a bar ta ta halarci bikin buɗe fim ɗin a Atlanta ba, ranar karɓar lambar kuma a wani ɗan tebur na gefe aka zaunar da ita, nesa da abokan aikinta. Da ta rasu a 1952, maƙabartar Hollywood da ta yi wasiyyar a binne ta a ciki ta ƙi karɓar gawarta. Juanita Moore ma an sa ta cikin 'yan takarar Oscar saboda Annie, amma hakan bai buɗe mata ƙofar manyan fina-finai ba, ta ci gaba da ƙananan fitowa har ta rasu ranar 1 ga Janairun 2014 tana da shekara 99. Shi ya sa nake ganin girman To Kill a Mockingbird na 1962, inda Gregory Peck ya fito a lauyan da matarsa ta rasu ta bar masa yara biyu, ya tsaya wa wani baƙar fata da aka yi wa ƙazafin fyaɗe, duk gari ya juya masa baya. Wannan ki ajiye wa maigida da samarin gidan, su ga yadda uba ke magana da 'ya'yansa ba tare da tsawa ba. Brock Peters, wanda ya fito a wanda ake tuhuma, shi ya yi jawabin ban kwana a jana'izar Peck a 2003.

Sauran abin lura kaɗan ne. Za ki ga taba a bakin kusan kowa, kuma ba haka kawai ba ne, kamfanonin taba sun riƙa biyan manyan taurari kuɗi su tallata musu. Giya ma haka take yawo kamar ruwan sha, sannan akwai rungume-rungume irin na al'adarsu. Fina-finan Tarzan da suke nuna mu 'yan Afirka a matsayin 'yan dako marasa wayo, da na kaboyin da suke mai da 'yan asalin Amurka miyagu alhali ƙasarsu aka ƙwace, in har yara za su gani to ki kasance a kusa ki warware musu. Ki fara kallon kowane fim ke kaɗai kafin ki tara su.

Ita waccan uwar da The Kid na ce ta fara, tunda ba a magana a cikinsa, wanda ba ya jin Turanci ma zai bi labarin tsaf, kuma ana samunsa kyauta a YouTube. Labarin wani matalauci ne da ya tsinci jariri a lungu ya rene shi, har hukuma ta zo raba su. Chaplin ya san abin da yake nunawa, don yana ɗan shekara bakwai aka kai shi gidan gajiyayyu a Landan, daga baya mahaifiyarsa ta samu taɓin hankali. Bayan mako guda matar ta dawo ta ce mini da farko yaran sun yi ta ƙorafin babu kala, can sai dariya ta cika ɗakin, amma da aka jefa yaron a bayan mota yana miƙo hannu yana kuka, autanta ya taso ya haye cinyarta bai sauka ba har aka gama. Ta ce yanzu kuma sun dame ta sai ta nemo musu wani.