Gudummawar Hukumomi da Kamfanoni ga Bikin Kamun Kifi da Wasannin Ruwa na Argungu

Bikin Argungu ya samo asali ne a shekarar 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyarar sada zumunci garin, abin da ya tabbatar da ƙarewar tsohuwar gaba tsakanin Kabi da Sakkwato. A shekarar 2016 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun gargajiya na duniya. Mafi yawan baƙi ranar kamun kifi a Matan Fada suka sani, alhali kafin wannan rana akwai Kabanci, inda ake tseren kwalekwale da ninƙaya da nutso da kamun agwagwar ruwa da kama kifi da hannu.

Gwamnatin Jihar Kabi da Masarautar Argungu su ne ginshiƙin shirya bikin. Masarauta ce ke riƙe da al'ada ta hannun Sarkin Ruwa da sauran sarakunan masunta, waɗanda ke hana su a Matan Fada kafin biki domin kifi ya taru. Gwamnati kuma ita ke ɗauke da tsaro da hanyoyi da masaukin baƙi. Akwai wata hukuma da ba a cika ambatonta ba, wato Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, mai kula da madatsun ruwan Goronyo da Bakolori. Ruwan da ke isowa Argungu da rani yana da nasaba da abin da aka saki daga can, kuma idan kogi ya janye, babu kuɗin da zai sa kwalekwale ya yi gudu.

Kamfanoni masu zaman kansu, musamman na sadarwa da na abin sha da bankuna, kan shigo ne da kyaututtuka da tallace-tallace. A bikin 2020, wanda aka yi bayan dakatarwar kusan shekara 10, wanda ya kamo kifi mai nauyin kilo 78 ya samu naira miliyan 10 da motoci 2 da kujerun aikin Hajji 2. Kyauta mai tsoka tana jawo jama'a, sai dai tana jawo kwaɗayi ma: a 2008 an ƙwace nasarar wani bayan an gano cewa mataccen kifi ya shigo da shi daga wani wuri. Saboda haka wajibi ne awo da alƙalanci su ci gaba da zama a hannun masu sarautar ruwa da jami'an da aka naɗa, ba masu ba da kyauta ba.

Inda gudummawa ta fi yin ƙaranci shi ne ɓangaren Kabanci. Masunci daga ƙauye shi ke gyaran jirginsa, shi ke biyan kuɗin kawo shi, ya ciyar da matuƙa, ga shi kyamarori sun fi karkata ga ranar ƙarshe. Kamfanin da ya ɗauki nauyin rigunan kariya ko jiragen ceto ko gyaran kwalekwale, kuɗinsa ya fi isa ga mutanen bakin kogi, kuma kayan za su yi amfani da damina lokacin da haɗarin jirgi ya fi yawa.

Ana shawartar shugabannin ƙananan hukumomi da hakimai da dagatai da su tattara sunayen ƙungiyoyin masunta da matuƙa jiragen yankunansu tun da wuri, tare da abin da kowace ke buƙata, domin a gabatar wa kwamitin shirya biki kafin a kammala yarjejeniya da kamfanoni.