Kifin Nemo a Gidajen Kaduna: Gaskiya da Jita-jita

Kifin Nemo ɗan ƙaramin kifin teku ne mai launin ruwan lemo, da ratsin fari uku a jikinsa, kowanne da siririn baƙi a gefe. Tsawonsa bai cika wuce santimita 11 ba. Ya samu sunan ne daga fim ɗin zane na kamfanin Pixar da ya fito a 2003, kuma tun lokacin yara ke matsa wa iyaye a saya musu shi. A unguwannin Kaduna irin su Malali, Unguwar Rimi da Unguwar Sarki, inda ake ajiye kifin ado cikin akwatin gilashi a falo da ofis, maganganu sun yi yawa a kansa, wasu daidai, wasu kuma su ne ke kashe shi.

Ana cewa daga tekun Legas ake kamo shi. Ba haka ba ne. Danginsa sun kai kusan iri 30, dukkansu a tekun Indiya, tekun Fasifik da Bahar Maliya suke, babu ko ɗaya a tekun Atlantika. Wanda ya iso Kaduna, ko dai an shigo da shi daga waje ko an ƙyanƙyashe shi a akwati. Na ƙyanƙyasa ya fi juriya, ya kuma saba da abincin gwangwani, don haka shi ya kamata mai saye ya nema.

Jita-jitar da ta fi ɓarna ita ce ta gishiri: wai a ɗebi ruwan famfo a barbaɗa gishirin girki, an samu ruwan teku. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da kimanin giram 35 na gishiri, amma ba irin na miya kaɗai ba; akwai maganiziyom, kalsiyom, fotashiyom da sauran sinadaran da ke daidaita ruwan. Gishirin kasuwa ba shi da waɗannan, galibi ma an ƙara masa aidin. Abin da ake amfani da shi gishiri ne da aka haɗa musamman don kifin teku, a narka shi a bokiti, a auna da ma'aunin gishiri har ya tsaya tsakanin 1.020 da 1.026. Shi kansa ruwan abin dubawa ne: na famfo yana iya zuwa da kulorin mai ƙona gaɓar numfashin kifi, na burtsatse kuma wani lokaci da ƙarfe a ciki. Tataccen ruwa shi ne mafi aminci.

Nan hunturu ke shigowa. Daga Disamba zuwa Fabrairu busasshiyar iska kan shanye ruwan akwati da sauri, amma gishirin ba ya tashi, kamar miyar da aka bari a kan wuta, tana ƙafewa gishirinta na ƙaruwa. Masu cewa a cike gurbin da ruwan gishiri sun yi kuskure. Da ruwa zalla ake cikewa. Ruwan gishiri sai lokacin sauyi, wato idan an kwashe kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari duk mako biyu.

Akwai kuma masu haɗa akwati da safe su zuba kifi da yamma, suna ganin tunda ruwan garau yake to lafiya. Kashin kifi da ragowar abinci suna rikiɗa su zama amoniya, guba ce da ido ba ya gani. Wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zama a matatar ruwan akwati da jikin duwatsu su ke karya ta, kuma sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su kafu. Wanda bai jira ba zai tarar da kifinsa a saman ruwa yana haki. Saboda wannan dalili ne ba a wanke akwati da sabulu, ba a kuma zubar da ruwan gaba ɗaya, don yin haka kashe bakteriyar ne. Kifi biyu suna buƙatar akwati mai kusan lita 75. Ƙaramin kwanon gilashi ba ya riƙe su.

Gaskiya ne a teku kifin Nemo yana fakewa cikin anemoni, wata halitta mai kama da fure da yatsu masu harbi, yauƙin jikinsa na kare shi. Amma cewa sai da ita zai rayu a gida ba gaskiya ba ne. Ita ta fi shi wuyar riƙo nesa ba kusa ba, tana son haske mai ƙarfi, kuma in ta mutu tana iya gurɓata ruwan duka.

Maganar da mutane suka fi ƙaryatawa kuwa ita ce tabbatacciya: yana sauya jinsi. A kowane rukuni mafi girma ita ce mace, na biye da ita namiji. Idan ta mutu, namijin nan kan zama mace.

Sai batun cewa ba ya rayuwa a Arewa. Nisan teku ba shi ne matsala ba, wutar lantarki ce da yanayi. Yana son ruwa mai zafin digiri 24 zuwa 27, ba ya son hawa da sauka. Daren hunturu a Kaduna na buƙatar na'urar ɗumama ruwa, zafin Maris da Afrilu kuma na buƙatar fanka a saman ruwan da nisantar taga. Idan aka ɗauke wuta, famfon akwatin ya tsaya, iskar da ke cikin ruwa na raguwa cikin 'yan awoyi, musamman da zafi. Famfon iska mai batir ko inbata mai sola ya zama wajibi kafin a sayi kifin, ba bayan an saya ba. Inda aka tanadi waɗannan, aka ba shi abinci kaɗan sau biyu a rana, yakan haura shekara goma. Wanda ya gaji da riƙonsa ya ba wani mai akwatin ruwan gishiri. Sakinsa a Kogin Kaduna tare da tarwaɗa da karfasa halaka shi ne, domin jikinsa ba ya jure ruwan daɗi.