Mai Horarwa da Lafiyar Matasa 'Yan Wasa

1.0 Gabatarwa

Wasannin motsa jiki wani ɓangare ne na tarbiyyar yaro. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na shekarar 2020, ta shawarci yara masu shekara 5 zuwa 17 da su riƙa motsa jiki na kimanin minti 60 a kullum. Sai dai yara da yawa kan shiga wasa da ɗoki, daga baya su janye. Wannan ya sa manazarta suka duƙufa wajen gano abin da ke riƙe yaro a fili da abin da ke korar sa.

2.0 Halayyar Mai Horarwa

A shekarun 1970, Ronald Smith da Frank Smoll na Jami'ar Washington da ke Amurka sun bibiyi masu horar da yara wasan besbol, suna rubuta yadda kowannensu yake yi idan yaro ya yi daidai ko ya yi kuskure. Daga nan suka tsara gajeren horo ga masu horarwar kansu. Abin da ake koya musu shi ne su yaba wa ƙoƙari, su ƙarfafa wa yaro gwiwa idan ya yi kuskure sannan su nuna masa gyara, su kuma guji tsawa da gori.

Wani bincike da aka wallafa a 1992 ya nuna amfanin hakan. Daga cikin yaran da ke hannun waɗanda suka sami horon, kashi 5 cikin ɗari ne kawai ba su dawo ba a kakar wasa ta gaba, alhali a ɗaya rukunin kashi 26 cikin ɗari ne suka bar wasan. Abin lura shi ne, rukunonin biyu ba su bambanta ba wajen yawan nasara. Ke nan ba shan kaye ne ya kori yaran ba, mu'amala ce.

3.0 Matakan Shiga Wasa

Masanin nan na ƙasar Kanada, Jean Côté, ya kasa rayuwar ɗan wasa zuwa matakai uku:

i. Matakin ɗanɗano, daga shekara 6 zuwa 12, inda yaro ke gwada wasanni iri-iri domin nishaɗi.
ii. Matakin zaɓi, daga 13 zuwa 15, inda yake rage su zuwa biyu ko uku.
iii. Matakin duƙufa, daga 16 zuwa sama, inda yake mayar da hankali kan guda ɗaya.

Ɗora yaro kan wasa ɗaya tun da wuri yana sa gaɓoɓi iri ɗaya su yi ta shan wahala, yana kuma jawo gundura.

4.0 Kariya Daga Rauni

Hukumar FIFA ta yaɗa wani tsarin ɗumama jiki mai suna 11+, wanda ke ɗaukar kimanin minti 20. Binciken da aka yi a Norway a kan 'yan mata, aka wallafa a 2008, ya nuna ya rage raunuka da kusan kashi ɗaya cikin uku. Wani da aka yi a kan samarin ƙaramar gasar ƙwallon ƙafa ta Legas, aka wallafa a 2014, ya sami raguwar kashi 41 cikin ɗari.

5.0 Kammalawa

A makarantu da dama, malamin aji shi ne mai horarwa. Ya wajaba a kansa ya bar ƙananan yara su yi langa da tsere da ƙwallo ba tare da tilasta musu zaɓi ba, ya fara kowane atisaye da ɗumama jiki, ya kuma auna nasararsa da yawan yaran da suka dawo fili a zango na gaba, ba da kofi kaɗai ba. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma tanƙwarar da ta wuce kima karya shi take yi.