Tsani a Jikin Tsohon Zaure: Abin da Muka Gani a Hanyar Wurno da Rabah

Da damina ta ɗauke, sai muka yi shiri daga Sakkwato zuwa Wurno, garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya mai da ribaɗi, inda kuma aka binne shi a 1837. Niyyarmu ita ce mu ga tsoffin gine-ginen garin, sa'an nan mu zarce Rabah, mahaifar Sardauna Ahmadu Bello. Ɗaya daga cikinmu ya riƙo kyamara.

Muna shiga wata tsohuwar unguwa sai muka tarar da wani babban zaure an jingina masa tsani biyu, an gitta katako a tsakani, magina suna bisa, yara na miƙa musu kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Mai kyamara ya ɗaure fuska, wai an ɓata masa hoto. Wani dattijo da ke zaune a gindin bango ya ji shi, ya ce, "Ɗana, in ba ka ga tsanin nan bana ba, baɗi ba za ka ga zauren ba."

Ya ku masu karatu, dattijon nan ya faɗi gaskiya. Ginin ƙasa ba ya zama sai da yaɓe. Kowace damina ruwa yakan wanke bayan bango, ya ci gindinsa, indararo ya toshe, rufin soro ya jiƙe har azara ta fara ruɓewa. Shi ya sa mutanen da suke da Sarkin Magina, suna shafe da makuba ko laso don ruwa ya zame. A Agadas ma, hasumiyar babban masallaci, mai tsawon mita 27, an bar itatuwa suna leƙowa daga jikinta, domin su ne matakan da magina ke hawa in lokacin gyara ya yi. Wato tun ranar gini aka yi tanadin tsani.

Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne gyaran ganin ido. Yanzu da yawa sai a lulluɓe tsohon bango da siminti, a shafa fenti, a ce an gama. Alhali in siminti ya tsage, ruwa na shiga, ƙasa ta jiƙe daga ciki ba mai gani. Jinkiri kuma yana da nasa haɗarin. A watan Agusta 2023 wani sashe na tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, ya rufta kan masu sallar la'asar, aka yi hasarar rayuka. Mai Martaba Sarkin Zazzau ya shaida wa manema labarai cewa tun jajibirin ranar aka ga tsaga a bango.

A hanyar Rabah kuwa wani abu muka gani dabam. Akwai ƙauyukan da 'yan bindiga suka kori mutanensu, gidaje ba kowa, ba mai yaɓe. Katangu sun zube, ciyawa ta fito a tsakar ɗaki. Direbanmu bai yarda mu tsaya ba, ya ce mu koma tun rana ba ta yi sanyi ba.

Da muka iso Sakkwato muka duba hotuna. Wanda ya fi kyau a cikinsu shi ne na zauren Wurno, da tsaninsa biyu da wani yaro ɗauke da kwanon ƙasa a ka.