Mu Kāre Garmarmu Daga Tsatsa

Maƙeran birnin Zariya suna ƙera mana fartanya da galma, amma kiyaye su aikinmu ne. Tsatsa takan kama ƙarfe sa'ad da ruwa da iska suka haɗu a kansa. Takin zamani yakan sa ta ci da sauri, gama gishirinsa yana jawo laima. Saboda haka kada mu ajiye garmar ƙungiya kusa da buhunan taki.

In damina ta ɗauke a watan Oktoba, sai mu kankare tsatsar da burushin ƙarfe, mu shafa jan fenti, mu bari ya bushe. Bakin garma kuwa, inda ƙasa takan goge fenti, baƙin man inji ya ishe shi. Kwanon rufi dai tutiya ce ke kāre shi, kada mu kankare ta.