Emma Thompson: 'yar fim ɗin da ta iya riƙe alƙalami

Tun da aka fara raba kyautar Oscar a Amurka a 1929, mutum ɗaya tak ya taɓa karɓar ta a fannin fitowa a fim, ya kuma sake karɓar ta a fannin rubuta fim. Mace ce 'yar Ingila, Emma Thompson, haifaffiyar Landan a 1959.

Sana'ar gado ce a gidansu. Mahaifinta Eric Thompson da mahaifiyarta Phyllida Law duk 'yan wasan kwaikwayo ne. Ta karanci adabin Ingilishi a Jami'ar Cambridge, inda ta shiga ƙungiyar barkwanci ta Footlights tare da Stephen Fry da Hugh Laurie. Da ban dariya ta fara, ita ke rubuta wasanninta, ita ke yin su. Wannan ya kan ɓace wa masu kallon ta yau a matsayin dattijuwa mai kamun kai.

Oscar ta farko ta zo mata ne da Howards End na 1992. Shekara guda bayan haka ta fito a The Remains of the Day, tana mai kula da wani katafaren gidan masu sarauta, ita da Anthony Hopkins suna son juna, amma har fim ya ƙare babu wanda ya iya buɗe baki ya faɗa. A nan gwanintarta take: kawaici. Ta san yadda mutum ke haɗiye magana alhali fuskarsa na tona masa asiri.

Wannan ilimin ne ta kai cikin rubutu. Furodusa Lindsay Doran ta ba ta aikin mayar da littafin Jane Austen na 1811, Sense and Sensibility, zuwa fim, ga wadda ba ta taɓa rubuta fim ba. Shekara biyar ta yi tana rubutawa tana gogewa. Matsalar littafin ita ce Edward, saurayin babbar yaya Elinor, kusan ba ya magana, don haka mai kallo ba zai ga dalilin son sa ba. Sai Thompson ta raya ƙaramar ƙanwa, Margaret, wadda Austen ta ɗan ambata kawai, ta sa Edward yana wasa da yarinyar, yana lallashin ta ta fito daga ƙarƙashin teburin da ta ɓuya da littafin taswira. Cikin 'yan mintoci an ga halinsa, ba tare da an ce mutumin kirki ne ba. Ta kuma fito da maganar kuɗi fili tun daga farko: uba ya rasu, gida ya koma hannun ɗa namiji, uwa da 'ya'ya mata uku sun koma zaman aro. Duk soyayyar fim ɗin a kan wannan talaucin take tafiya.

Ang Lee, ɗan Taiwan, shi ya ba da umarni, fim ɗin ya fita a 1995, kuma shi ya kawo wa Thompson Oscar ta rubutu. Ita ta fito a Elinor, wadda littafi ya ce shekararta 19, alhali ita ta haura 30 da nisa. Wasu sun yi ƙorafi. A ganina shekarun sun taimaka wa labarin, don haƙurin budurwar da aure ya fara wuce ta ya fi nauyi a ido.

Matasa dai sun fi sanin ta da Malama Trelawney ta Harry Potter, ko Nanny McPhee na 2005, wanda shi ma ita ta rubuta. A 2018 aka ba ta sarautar Dame. Amma in ana neman wurin da za a auna ta, a duba Love Actually na 2003, fim ɗin da ni ban ɗauke shi wani abin a zo a gani ba. Ta fito a matar da ta ga sarƙar zinariya a aljihun mijinta, ta ɗauka tata ce. Ranar buɗe kyaututtukan Kirsimeti sai ta tarar da faifan waƙar Joni Mitchell, ta gane sarƙar ta wata ce. Ta nemi uzuri, ta shiga ɗaki, ta yi kukanta a tsaye, ta share hawaye, ta gyara shimfiɗar gado, ta fito tana murmushi ta kwashi yara zuwa wasan makaranta. Ba ta furta ko kalma ɗaya ba a cikin ɗakin, kuma fiye da shekara 20 bayan haka wannan fitowar ce masu sharhi ke ware wa yabo ko da sun kushe sauran fim ɗin.