MALAMIN BADUJALA DA MAKAƊAN FADAR DAURA

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon fareti ran 27 ga Mayu, watau ranar yara, ko ran 1 ga Oktoba, ya ga yadda 'yan makaranta ke wucewa sahu sahu, ganguna na tashi, begila na amsawa. Jama'a su kan yi tafi su watse. Ba safai a kan tambayi wanda ya yi wata guda cikin rana yana daidaita ƙafafun yaran nan da hannuwansu ba. Shi ne malamin badujala, kuma zancensa za mu yi yau.

Galibi ba kiɗa aka ɗauke shi koyarwa ba. Malamin lissafi ne ko na wasanni, wanda ya taɓa yin sikawut, hedimasta ya ɗora masa kayan. Ya gaji ganguna uku ko huɗu, ɗaya fatarta ta fashe, da begila da ta lanƙwashe. Ya gaji kiɗan maci biyu ko uku, irin na soja da 'yan doka na zamanin En'e, su zai yi ta maimaitawa shekara da shekaru. Da yaro ya ƙware sai ya gama makaranta ya tafi, a koma farko. Ga kuma iyaye, waɗanda da yawansu ke ganin kiɗa roƙo ne, ba su kai ɗansu makaranta don ya zama maroƙi ba. Manhajar da aka fitar a 2007 ta haɗa kiɗa da zane da wasan kwaikwayo cikin darasi ɗaya, kiɗa kuwa shi ya kan zo a ƙarshe. To, wa zai ga laifin mutumin nan in zuciyarsa ta yi sanyi?

Irin wannan gajiya ba a ƙasarmu kaɗai ta ke ba, shi ya sa malaman kiɗa na duniya suka ƙago taro. A 1953 aka kafa ƙungiyarsu, ISME, a Burasal ta ƙasar Beljiyam, da taimakon UNESCO. Taron da suka yi a Budafest a 1964 shi ya fi dacewa da zancenmu. A can baƙi suka shiga makarantun Hangare, suka ga yara ƙanana suna karanta kiɗa daga allo kamar yadda a ke karanta wasiƙa. Da suka bincika, ashe asirin na wani dattijo ne, Zoltan Kodaly, wanda tun wajen 1905 ya riƙa bin ƙauyuka yana rubuta waƙoƙin manoma. Ra'ayinsa shi ne a fara wa yaro da kiɗan da ya sha a nono, kamar yadda ya ke fara magana da harshen uwarsa, sa'an nan a kai shi ga na baƙi. A 1998 taron ya zo Afirka, a Piritoriya, bayan haka malaman Afirka suka kafa tasu ƙungiya. A Nijeriya ma akwai tarurrukan malaman kiɗa, ko da ya ke ƙarfinsu a Kudu ya ke, inda Jami'ar Nsukka ta buɗe sashen kiɗa tun farkon shekarun 1960.

Malaminmu na Daura in ya sami zuwa irin wannan taro, lalle zai ƙaru. Zai ga yadda a ke rubuta kiɗa, zai sadu da 'yan'uwansa masu irin kukansa, wannan kaɗai ma magani ne. Amma babban abin da za a gaya masa shi ne ya koma gida ya saurari nasa. Nan fa Daura ta yi sa'a, don nata bai ɓace ba.

Dalili kuwa yana cikin tarihi. Da jihadi ya ci Daura wajen 1805, gidan sarautar Haɓe ya fita, ya zauna a Zango da Baure da al'adunsa. A 1906 Turawa suka mayar da Malam Musa daga Zango, ɗansa Abdurrahman ya gaje shi a 1911 ya yi mulki har 1966, sa'an nan Muhammadu Bashar har 2007. Fadar da ta dawo ta dawo da tsofaffin sarautunta da bukukuwanta, cikinsu har da Sallar Gani da a ke yi a watan Rabi'ul Awwal. Ranar hawan Gani makaɗa da mabusa na Sarki da na hakimai su kan hallara wuri guda. In ka cire takarda da kujeru, mene ne wannan in ba taron malaman kiɗa ba?

Mai karatu, tsaya ka dubi abin da malamin badujala zai gani a wurin in ya je da kunnen ɗalibi. Kakaki, wanda Tarihin Kano ya ce Muhammadu Rumfa ya fara shi a can (1463 zuwa 1499), ɗan'uwan begila ne na jini. Dukansu ba su da ramuka ba su da maɓalli, leɓe ne ke yin aikin, da ƙarfin iska. Abin da malam ya gaji da faɗa wa yara, cewa kada su kumbura wuya su yi ta hura wofi, ga shi nan a bakin mai kakaki, wanda ke ɗaga dogon ƙarfe ya fi shi tsawo ya fitar da murya tsaf. Mai algaita kuma yana da abin da ya fi wannan ban mamaki. Ya kan tara iska a kumatu, ya riƙa matso ta cikin algaita yayin da ya ke shaƙar sabuwa ta hanci, saboda haka busarsa ba ta yankewa. Masu busa na Turai su kan yi shekaru suna neman wannan dabara, ga ta a ƙofar fada ɗa yana koyo daga ubansa.

Sai ganga. Hausa harshe ne mai hawa da sauka, shi ya sa kalangu da kotso su ke magana, kowane babban mutum da takensa. Yaron da ya kasa riƙe kiɗan maci da ƙirgen ɗaya, biyu, in ka ba shi shi da kalmomi, sai ka ga hannunsa ya bi bakinsa. Haka makaɗa ke koyar da 'ya'yansu tun tuni. Mamman Shata, wanda ya yi wa Sarki Bashar waƙoƙi, aka kuma binne shi a Daura a 1999, bai karanta kiɗa a takarda ba, amma Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988.

Sai dai abin yana da gefe biyu, don fada ma tana bukatar makaranta. Kiɗan fada gado ne, 'ya'yan gidan kuwa yanzu suna aji, waɗansu sun tafi birane neman abinci. Take ba a rubuce ya ke ba. In tsoho ya kwanta dama bai ba kowa ba, ya tafi da shi ke nan. Littafin kalmomin kiɗan Hausa da Turawa biyu, Ames da King, suka buga a 1971 ya tsare sunaye da yawa, amma suna dabam, hannu dabam.

Ba cewa mu ke a kwaso kayan fada a kai makaranta ba. Tambari da kakaki na Sarki ne, ba a buga su ga kowa, wanda ya yi wasa da wannan zai ɓata abin tun bai fara ba. Amma kalangu, da ganga, da sarewa, babu kangi a kansu. Hanya ita ce hedimasta ya bi ta wajen hakimi a nemi izini, a gayyaci makaɗi ɗaya rana ɗaya a mako, a ba shi kujera a gaban aji, a kira shi malam, a kuma yanka masa lada sananne daga kuɗin makaranta, ba liƙi ba. Iyayen da ke tsoron roƙo za su fi sakin jiki in sun ga haka. Yara manya su ɗauki kowane take a waya, su rubuta sunan mai shi da ma'anarsa a littafi, a ajiye ɗaya a ofishin hedimasta, a kai ɗaya fada. Fatar ganga kuwa, wadda malam ya yi shekara yana jiran a aiko masa daga birni, makaɗin nan da kansa zai ɗaura masa ita da fatar akuya.